Yadda Aka Goge Fuskar Iya

Akwai abin da ya faru a gidanmu na unguwar Nima wanda ko na tsufa har na manta hanyar ɗakina, shi dai ba zai fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, an ce in yi haƙuri, na kuma yi, amma kada wani ya ce mini in manta. A kan hoto ne, hoto guda ɗaya tak. Na san wani zai ce, hoto kawai? To a bari in gama tukuna.

Kakana mahaifin mamata, wanda muke kira Baba Tsoho, mai ɗaukar hoto ne tun kafin a haifi uwata. Da hoton fasfo da na suna da na biki ya ciyar da 'ya'yansa, a wani ɗan shago da ke bakin titi. Wannan shi ne aikin da unguwa ta san shi da shi. Amma yana da wani aikin da yake yi wa kansa, wanda babu mai saya, babu ma mai so. Hotuna ne da ba sa fita tar. Sai ka ga komai dishi-dishi, kamar kana kallo ta cikin tururin tukunya, kuma idan ka matsa kusa sai ka rantse da hannu aka zana. Mutanen lungunmu sukan ce idon tsohon ne ya fara mutuwa. Alhali tun yana saurayi yake yin su, lokacin da yake iya zura zare a allura ba tare da tabarau ba.

Inda ya samo abin, ya ba ni labarinsa har na haddace. Yana yaron shago, wani jirgin kamun kifi ya lalace a tashar jiragen ruwa ta Tema, ya daɗe ana gyara. A cikin ma'aikatan jirgin akwai wani dattijo mutumin Japan da kyamararsa ta samu matsala, aka kwatanta masa shagon ubangidan Baba Tsoho. Daga gyaran kyamara sai zumunci ya ƙullu, da hannu da ɗan guntun Turanci. Mahaifin mutumin nan yana cikin masu ɗaukar hoto na ƙasarsu a farkon ƙarnin da ya wuce, waɗanda suka ƙi yarda hoto ya zama aikin inji kawai. So suke ya fito kamar zanen hannu, mai laushi, a rage abin da bai kamata ba, a bar abin da zuciya ta gani. Dattijon ya nuna wa kakana yadda ake yi, da zai tafi kuma ya bar masa wani tsohon littafin hotuna. Babu mai iya karanta ko harafi ɗaya a ciki, amma ta dama ake buɗe shi kamar littafin Larabci, kuma Baba Tsoho ya ce tun daga nan ya san mutanen nan suna da hankali.

Ranar da ya fara buɗe mini littafin ina aji biyu a sakandare, ban ɓoye masa ba. Kwalekwale ɗaya a kan ruwa, ba ka gane inda ruwan ya ƙare sama ta fara. Wata mace da lema, ba fuska sai baya. Rufin gidaje cikin hayaƙi. Na ce masa, mutanen da suke ƙera wa duniya kyamara su ne ba su iya saita ido ba? Ya yi dariya har da tari.

"Amarya, ke da kyamara halinku ɗaya," in ji shi. "Ba ku da kunya, duk abin da kuka gani sai kun faɗa. Aikin mai hoto shi ne ya koya mata yin shiru."

Maimakon ya yi ta bayani, sai ya zaunar da ni na ga ya yi ɗaya, wanda ya zama na ƙarshe kafin hannunsa ya fara rawa. Ya wanke hoto yadda aka saba, sannan ya tsoma shi a wani ruwan magani har hoton ya ɓace, takarda ta koma kusan fara. Na ce shi ke nan ka ɓata. Bai kula ni ba. Ya jiƙa takardar, ya ɗauki wani buroshi mai gashi a tsaye, ya dangwali tawada mai maiƙo irin ta masu buga takardu, ya riƙa dandana ta a hankali, dan, dan, dan. Ni da ba na iya jiran ruwa ya tafasa, ranar na zauna ban motsa ba, ina kallon bishiya tana fitowa daga cikin farar takarda. Inda yake so ya yi duhu sai ya ƙara, abin da ba ya so sai ya ƙi ba shi tawada. A nan na gane abu ɗaya da daga baya ya zame mini ciwo: a irin wannan aikin, hoton a saman takarda yake zaune, tawada ce kawai.

Cikin duk waɗanda ya yi, ɗaya ne ya sa a firam ya rataye, a ɗakinsa, daidai inda idonsa ke sauka in ya farka. Hoton Iya ne, kakata, a shekarar aurensu. Tana tsugune gaban murhun gawayi da safe tana fifita wutar koko, hayaƙi ya taso ya haɗu da hasken rana, ta ɗan juyo kamar an kira ta. Ya ce a bayanta akwai kwano mai tsatsa da kwata da tulin wanke-wanke, duk ya hana su tawada. Fuskar ma ba ta fita sosai ba. Amma yadda ta karkatar da kai hagu, da yadda mayafi ya zame mata, duk wanda ya taɓa zama da Iya ya san ita ce. Tsagar da ke kumatunta kuwa, uku a kowane gefe, da bakin allura ya fito da su. Fim ɗin hoton ya tafi tun wata shekara da babbar kwata ta cika ta shigo gidaje. Saboda haka wannan takardar ita kaɗai ce a duniya.

Iya ta rasu ina jiran sakamakon jarrabawar gama sakandare. Ta yi sallar asuba ta kwanta, shi ke nan, kafin la'asar an kai ta. Kawuna, babban ɗansu da ke Jamus, bai samu jana'iza ba. Sai bayan kwanaki ya iso, ya zauna a tsakar gida ya yi kuka kamar yaro. Ina faɗin wannan ne don kada a ce na mai da shi mugu. Ba mugu ba ne. Ya daɗe bai zo gida ba, abin yana cinsa, sai ya ƙudura cewa addu'ar arba'in za ta zama wadda Nima ba ta taɓa gani ba. Rumfuna a titi, kujeru, atamfar yayi iri ɗaya ga mata, sa guda, da kuma babban ƙyalle mai hoton mamaciya, wanda muke kira bana, da za a ɗaure a bakin lungu.

Hotunan Iya ba su yi mana kaɗan ba. Akwai na katin shaida, akwai na bukukuwa cike da wayoyinmu, akwai wanda ta ɗauka da ta dawo daga Makka. Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ce duk ta tsufa a ciki, shi uwarsa yake so mutane su gani lokacin da take da jini a jika. Sai idonsa ya tafi kan na ɗakin Baba Tsoho. Ya ce wannan ne, sai dai ya yi datti, hayaƙin shekaru ya cinye shi, amma yanzu akwai kwamfutar da ke gyara tsohon hoto ya dawo kamar jiya aka ɗauka.

Muna tsakar gida ne, da mamata da ƙannenta, na ce masa ba datti ba ne, haka aka yi shi. Na ce tawada ce a sama, ko yatsa mai gumi bai kamata ya taɓa shi ba. Na ce idan bana yake so, ga na Makka nan. Ban iya lanƙwasa magana ba, na sani, yadda ta zo haka na sake ta.

Kawu ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ke, ni za ki koya wa hoto? A ɗakin wanke hoto na yi rarrafe."

Na ce rarrafe ya yi, bai tsaya ya kalla ba. Mamata ta daka mini tsawa, ƙannenta suka ce yaran yanzu in sun yi sakandare sai su ɗauka sun fi kowa, aka ce in ba shi haƙuri. Na ba shi. Na kuma ce aƙalla a tambayi mai hoton. Kawu ya ce tsoho yana cikin makoki, ba za a dame shi da ƙananan maganganu ba, kuma so yake ya ba shi mamaki. Na yi niyyar in faɗa wa Baba Tsoho da kaina, amma ranar ɗakinsa cike yake da masu gaisuwa har ya yi barci, mace kuma ba ta kutsa kai cikin dattawa.

Washegari da sassafe aka tashe ni, aka haɗa ni da wata ƙanwar mamata zuwa kasuwar Agbogbloshie sayen albasa da doya. Har yau ban sani ba ko da gangan aka zaɓe ni. Muka yi ta fama da cunkoso da masu dako, muka dawo bayan azahar jikina duk warin albasa. Na leƙa ɗakin Baba Tsoho, ƙusa ce kawai a bango, da wani murabba'i mai haske inda firam ya daɗe. Shi kuwa yana zaune da carbinsa hankali kwance. Ya ce kawuna ya ce gilashin ya tsage a gefe, ya kai a sauya.

Ban ko wanke hannu ba na fita. Na san inda ake buga irin waɗannan banoni, na kuma ji Kawu yana kwatance a waya. Na hau motar haya, trotro, zuwa unguwar New Town, na bi layin masu buga takardu ina leƙawa shago-shago har na hango shi. Wato na hango bana, an shimfiɗa shi a ƙasa yana bushewa, da sunan Iya a rubuce da manyan haruffa. A saman sunan kuma wata mata ce. Fatarta sumul kamar ta 'yar tsana, hanci siriri, gira a gyare, leɓe da ɗan ja, haƙora farare a jere. Ba tsaga ko ɗaya. Kai a miƙe, tana kallon mutum ido cikin ido kamar mai tallan man shafawa. Iya ba ta taɓa kallon kowa haka ba.

Mai shagon wani magidanci ne mai fara'a, ya taso yana murmushi, ya ɗauka yabo na zo yi. Ya ce aikin ya ba shi wahala amma kwamfuta ta yi ƙoƙari, ita ta cike duk inda ya lalace. Na ce ina na asalin? Sai murmushin ya ragu. Ya buɗe aljihun tebur ya zaro wata ambulan.

Takarda ce mai launin ruwan shayi. A gefen hagu akwai sauran hayaƙi da bakin murhu da rabin mafici. Daga tsakiya zuwa sama kuwa, inda Iya take, an shafe, sai wani dabbare mai toka-toka da sawun auduga a kewaye. Ya ce da ya sa shi a na'ura karon farko ya fito da ɗigo-ɗigo, shi da Alhaji, wato Kawu, suka duba suka yarda toka ce da maiƙon girki. Alhaji ya ce a ɗan goge. Ya dangwali tina, ruwan da suke wanke tawada daga injinsu, ya shafa sau ɗaya.

"Sista, wallahi sau ɗaya na shafa. Ban taɓa ganin hoton da ke bin auduga ba."

Na ce to wanda ya fara ɗauka a na'ura kafin ya goge fa, ya ba ni shi. Ya juya kwamfuta ya duba, ya sosa ƙeya. Ya ce a kansa ya yi gyaran, ya ajiye sabon a gurbin tsohon. Wa zai ajiye mai datti bayan mai kyau ya fito? Haka ya tambaye ni, da zuciya ɗaya. Na so in zage shi, sai kawai na ɗauki ambulan na fito.

A gida na samu Kawu a bayan ɗaki yana lissafin kujeru, na miƙa masa ambulan. Ashe ya sani, a gabansa aka yi. Ya ce kuskure ne, ƙaddara ce, kuma ai ba a yi asara ba tunda an samu wanda ya fi shi fita. Ya ce ya riga ya sa a yi wa tsoho babba a firam mai ruwan zinariya. Mamata ta ja ni gefe ta riƙe hannuna, ta ce in rufa mata asiri kada in tayar da fitina a gidan makoki, in bari a gama addu'a. Na ce to. Na ɓoye ambulan a ƙarƙashin kayana. Kullum Baba Tsoho sai ya tambaya ko mai gilashi bai gama ba, ni kuwa sai in ce ruwa nake ɗorawa in fice.

Ranar addu'a titi ya cika. Malamai a gaba, mata cikin yayi, ana ta rabon shinkafa da nama. An ɗaure bana a bakin lungu, tsayinsa ya kai rufin shago. Ina rabon ruwa ina jin abin da ake faɗa. Masha Allah, ashe Hajiya haka take da kyau. Kai, boga mutumin Jamus ya yi ƙoƙari, ya fitar da uwarsa kunya. Har da tsofaffin da suka yi shekaru suna sayen koko a hannunta, suka tsaya suna gyaɗa kai. Wata ƙawarta ce kaɗai na ga ta daɗe tana kallo, ta taɓa kumatunta, ta wuce.

Sai aka fito da Baba Tsoho, Kawu yana riƙe da hannunsa, ya kai shi gaban bana ya tsayar da shi yana jiran godiya. Tsohon ya ɗaga kai. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubawa. Ya karanta sunan, ya koma kan fuskar.

"Wannan 'yar wace ce?"

Mutane suka yi dariya, irin dariyar tausayi. Kawu ya ce, Baba, Iya ce mana, hotonka ne aka gyara. Wani daga baya ya ce idon tsoho sai a hankali. Baba Tsoho ya juyo yana neman wani a cikin taron, idonsa ya sauka a kaina, ni kuwa na kasa ɗauke nawa. Ya zare hannunsa daga na Kawu, ya koma ciki shi kaɗai yana dafa bango.

Na ajiye ruwan na bi shi. An ce in bari a gama addu'a, to ga shi ana yi, ni dai na gaji. Na ɗauko ambulan na durƙusa na miƙa masa, na faɗa masa komai, da tina da auduga da kwamfuta, ban rage ba. Ya zaro takardar ya kai ta bakin taga. Ya daɗe yana kallo. A waje lasifika tana ta ambaton sunan Iya ana cewa amin. Na jira ya yi faɗa, na jira ya kira Kawu ya tsine masa, wallahi da na ji daɗi. Sai ya bi sawun audugar da ɗan yatsa, a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

"A nan ta juyo," in ji shi. "Kiranta na yi, na ce wuta za ta kama mayafinki." Ya ɗago ya dube ni. "Amarya, nemo mini firam ɗina."

Na koma New Town washegari na karɓo tsohon firam, gilashinsa lafiya lau, ba tsagewa ko ɗaya. Ya mayar da takardar nan da aka shafe a ciki, ya sa na rataye a ƙusarta. Da Kawu ya kawo babban mai ruwan zinariya, ya durƙusa ya ba da haƙuri, tsohon ya ce ya yafe, Allah ya yi masa albarka, amma a kai baƙuwar falo, shi ɗakinsa ya yi mata ƙanƙanta. Daga ranar bai sake buɗe littafin Japan ba, bai kuma sake zama a falo ba. Bai cika shekara ba ya bi Iya.

Za a ce me ya sa ban taɓa ɗaukar hoton a waya ba. Na ɗauka, tun Iya tana da rai. Gilashi ya yi walƙiya, inuwata ce ta fito a kan fuskarta, da hannuna riƙe da waya. Shi ke nan abin da ya rage. Littafin da firam ɗin suna wurina, na kwashe su tun kafin a fara rabon kaya, ban kuma nemi izinin kowa ba.

Baƙuwar tana nan a falonmu har gobe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran da aka haifa daga baya. In an tambaye su ina Iya, sai su ruga su nuna ta, a tafa musu. Na taɓa ce wa ɗiyar ƙanwata ba ita ba ce, Iya tana da tsaga, tana karkatar da kai in tana saurare. Yarinyar ta dube ni ta dubi bango, ta ce Anti ƙarya kike, ga hoto nan.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne, amma na riƙe shi. Ba duk abin da bai fita tar ba ne ya lalace, wani haka mai shi ya so shi, kuma wanda ya zo gyara da kyakkyawar niyya yana iya yin ɓarnar da maƙiyi bai isa ya yi ba. Kafin ka kai hannu kan abin da wani ya ajiye kusa da gadonsa, ka tambaye shi, ko da yana kuka. Ni kuma na daina tsayawa gardama da manya a tsakar gida. In na ga an fara kallon abu mai daraja ana cewa ya yi datti, sauke shi nake yi in ɓoye, a zage ni daga baya.